Turaren Rabi a Matoyar Inna Shatu

Shekarar da damina ta yi rowa, wato alif ɗari tara da tamanin da uku, kowa a garin Shagari kuka yake, sai Inna Shatu maginiyar tukwane. Ba don ta fi kowa ba. Tukunyar ƙarfe ta yi tsadar da sai dai a kalle ta a wuce, kananzir ya ɓace, risho ya koma ƙarƙashin gado, mata suka dawo wa murhu da tukunyar ƙasa kamar ba su taɓa raina ta ba. Tsohuwar da a da take gasa tukwane sau ɗaya a wata, sai ga ta tana gashi duk bayan kwana huɗu. Da wannan take ci da kanta da iyalin ƙanenta da gonarsu ba ta ba da komai ba.

Matoyarta, ramin da take gashin, tana kan ɗan tudu a bayan gari. Uwarta ce ta haƙa shi, kuma tokar cikinsa ta girmi rabin mutanen unguwar. Can ƙasa a kwari, kusa da fadama, akwai ɗakin haihuwa da aka gina shekara biyu kafin nan, lokacin da gwamnati ke da abin gini.

Wata Talata da hantsi, farkon sanyi, tana zaune tana shafe bakin tulu, sai ta ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Ta san ƙararsa. Maniru ne, duba-gari, wanda ke zuwa daga Bodinga. Jikan aminiyarta ne, marigayiya Rabi, kuma tun yana cikin zane Inna Shatu ke kiransa mijinta. Yanzu ya yi gemu, ya yi 'ya'ya biyu, amma ba ta sake shi ba.

"Maraba da maigidan da ba ya cefane," in ji ta. "Yau ma hannu biyu kaz zo?"

"Ina kwana, Inna. Ai ke kika hana ni cefane, kin ce haƙoranki sun ƙare."

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya sha ruwan randa, amma bai yi dariya yadda ya saba ba. Ta lura. Ta ajiye tulun.

"Mi ya faru, ɗan nan?"

Ya gaya mata. Zulaihatu, ungozomar gwamnati da ke ɗakin haihuwa, ta kai ƙara ofis. Wata biyu ke nan, wasu ranaku da safe sai ta tarar da ɗakin cike da hayaƙi, jarirai na tari, masu jego na hawaye. An turo shi ya gano inda hayaƙin ke fitowa, ya rufe wurin. Ranar Litinin ake son rahotonsa.

Sai ya zaro wata takarda ya shimfiɗa a kan tabarma. Ya taɓa yin kwas na wata uku a kan irin wannan aiki, kuma yana alfahari da shi, bawan Allah. Ya ɗiga ɗigo ɗaya, ya ce nan ce matoya. Ya ɗiga wani, ya ce nan ne ɗakin haihuwa. Daga ɗigon farko ya ja layi biyu suna buɗewa kamar ƙahon bijimi, tsukakke a gindi, mai faɗi a baki.

"Haka hayaƙi shika tafiya, Inna. In ka san inda iska taka fitowa, da ƙarfinta, za ka iya zana inda za shi sauka tun ba a kunna wuta ba. Malaminmu ya ce da irin wanga lissafi aka bin tokar duwatsun da ka aman wuta. Kin tuna bara yadda faɗuwar rana ta riƙa yin ja jawur? An ce tokar wani dutse ce can bayan teku, ta zagaye duniya."

"To, Allah shi kyauta ma dutsen. Ni mi nawa ciki?"

Ya nuna mata wata takardar, mai lambobin iska da aka aiko masa daga birni. A wannan wata iska daga gabas maso arewa take zuwa. Matoyarta na gabas maso arewa da ɗakin haihuwa. Ɗigon na biyu yana tsakiyar ƙahon.

Inna Shatu ta dubi takardar a juye, don ita duk ɗaya ne.

"Ƙahonka ƙarya shikai," ta ce. "Da la'asar nika sa wuta. Kowa na gani, hayaƙina tsaye shika tashi kamar giginya, sai ya kai sama sannan iska ta kwashe shi. Ko tsuntsun da ke bisa rufin asibitinku bai isa ya shaƙe shi ba. Ka je ka tambayi mai gasa burodi, ko masu ƙona juji."

"Na tambaye su. Kowa ya ce ba nashi ba na. Hayaƙi ba shi da suna a goshi, Inna."

Ta ɗauki tulun, ta sake ajiyewa.

"To mu raɗa mashi suna mana. Jibi ina da gashi. In zuba barkono mudu guda cikin wutar, duk wanda yay yi atishawa ka rubuta sunanshi."

"Subhanallahi! Jarirai fa, Inna! So kike a ɗaure ni?"

"Kai dai matsoraci na, tun kana ƙarami."

Amma ta san gaskiyarsa ce. Ta tashi da ƙyar, ta shiga ɗaki, ta daɗe tana motsa kaya. Ta fito da wata kwalba mai faɗin baki, an toshe ta da tsumma. Ko da ta buɗe, Maniru ya rufe ido. Turaren wuta ne, haɗin kakarsa Rabi, wanda ba wanda ya iya irinsa daga Bodinga har Lambara, don ba ta taɓa gaya wa kowa abin da take sawa ba. Wannan kwalba ita ce ta ƙarshe da ta ba Inna Shatu kafin rasuwarta. Shekara shida tana ajiye, ba a taɓa ɗibar ko tsinke ɗaya ba.

"A'a, Inna. Kada ki ƙona wannan."

"Rabi ta tsaya mani tana raye, ta tsaya mani yanzu ma. Wanga ƙamshi ba shi da na biyu. In ya sauka kwari, hanci zai sani."

Ranar Alhamis aka yi gwajin. Inna Shatu ta jera tukwanenta a rami, ta lulluɓe su da kara da busasshen kashin shanu. Ta nemi mata bakwai, ta raba su gidaje daga gindin tudu har bakin fadama, Zulaihatu ta cika ta takwas a tagar ɗakin haihuwa. Ba a gaya musu wane irin ƙamshi ba ne, don kada zuciya ta ji abin da hanci bai ji ba. Wannan dabarar Maniru ce, kuma Inna ta yarda tana da kyau. An dai ba kowace ƙoƙo: in ta ji baƙon ƙamshi kaɗan tsakanin la'asar da magariba ta jefa ƙwayar gero, in da ƙarfi ta jefa wake.

Aka idar da la'asar, ta yi bisimilla ta kunna. Da wuta ta kama sosai, ta juye rabin kwalbar a ciki. Hayaƙi ya tashi, wallahi kamar yadda ta faɗa, miƙe sambal, sai can sama ya karkata ya bi ta kan gari ya watse. Maniru ya tsaya da takardarsa yana ɗaga kai har hularsa ta faɗi.

Da magariba aka tattaro ƙoƙuna takwas. Babu gero, babu wake. Sai na Ruƙayyatu maƙwabciyarta da ke da wake ɗaya, ita kuwa da aka matsa mata ta ce albasar da take soyawa ce ta ruɗe ta.

Inna Shatu ta yi guɗa, tsohuwa da ita.

"Ina ƙahon? Maigida, ina ƙahon naka? Kawo in dafa maka shi da daddawa!"

Maniru ya yi dariya har da hawaye. Shi ma nauyi ne ya sauka daga kansa, don kwana biyu bai ji daɗin abinci ba. Ya ce lissafinsa bai sa tsawon tashin hayaƙi ba, kuskurensa ke nan. Nan take ya zauna ya rubuta cewa matoya ba ta da laifi. Ya ce zai kwana gidan abokinsa, da sassafe ya wuce Bodinga ya miƙa.

Kafin duhu ya rufa, Inna ta koma matoya ta yi abin da take yi kullum. Wuta ta faɗa, sai garwashi. Ta lulluɓe tarin da toka da ƙaiƙayi da tsingaro, don tukwane su nuna a hankali har gobe. Kwalbar na hannunta. Ta dube ta, ta ce a ranta rabin turare ba shi da amfanin ajiya, gara Rabi ta ƙarasa aikinta, tukwanen wannan gashi su fito da ƙamshinta. Ta juye sauran a kan garwashin, ta yi wa aminiyarta addu'a, ta rufe da toka, ta tafi gida.

To, ita Inna Shatu ba ta zuwa matoya da sassafe. Ba maginiyar da ke zuwa. Tukunya mai zafi in sanyin safiya ya buge ta tsagewa take, saboda haka sai rana ta ɗaga ake tonowa. Shekara arba'in haka take yi. Amma ran nan murna ta hana ta zama. Tana idar da sallar asuba ta yafa mayafi, ta ce bari ta leƙa, ko akwai ɗan kasko a gefe da ya huce, ta ba Maniru ya kai wa matarsa.

Gari ya fara haske, ko ganye ba ya motsi. Ta hau tudun, ta tsaya.

Hayaƙi ne ke fita daga ƙarƙashin toka, siriri, fari, amma ba sama yake yi ba. Kwance yake. Ya malalo daga bakin rami kamar an zubar da nono, bai wuce gwiwar mutum ba, ya gangara ya shiga 'yar kwatar da ruwan damina ya ci a gefen tudu. Kuma ƙamshin Rabi ne ke tashi daga cikinsa.

Ta bi shi. Ba ta yi niyya ba, ƙafafunta ne suka bi. Bai bi ta inda Maniru ya zana ƙahonsa ba, bai bi ta gidajen mata bakwai ba. Ya zagaya ta bayan garkar wani manomi, Malam Yahaya, ya ratsa ƙarƙashin darni, ya bi hanyar jakai. Wata mata da ke shara a ƙofar gida ta ɗaga kai ta ce, "Inna, wa ke amarya unguwarga ba mu ji ba?" Inna ta wuce ta, idonta na kan hayaƙin. A ƙasan kwari hayaƙin ya taru ya kwanta kamar tafki, ɗakin haihuwa a tsakiyarsa.

Ta tsaya a jikin taga. Daga ciki ta ji tari, ɗan ƙarami, irin na wanda bai kwana uku a duniya ba. Ya yi, ya tsaya, ya sake yi. Zulaihatu ta leƙo tana fifita da zane.

"Inna, ina kwana. Kin gani ko? Ya dawo. Yau har da turare, ina jin dangin mai jegon nan ne suka kunna mini a waje. Ke dai Allah ya wanke ki jiya."

Ba wanda ya sani. Matan ba su san ƙamshin ba, Zulaihatu baƙuwa ce, rahoto kuma an riga an rubuta. Da rana ta fito hayaƙin zai tashi, shi ke nan. Inna Shatu ta tuna bakuna tara da ke jiran tuwo a gidan ƙanenta. Ta tuna hannun uwarta a bakin ramin nan. Sai jaririn ya sake yin tari.

Can bakin hanya ta ji ana ta da babur.

Ban san yadda tsohuwa mai ciwon gwiwa ta kai bakin hanya kafin babur ya tashi ba, amma ta kai, mayafi a hannu. Ta kama hannun Maniru kamar yadda take kama shi yana ɗan shekara huɗu.

"Sauko."

"Lafiya, Inna?"

"Sauko, na ce."

Ta ja shi har gindin tagar. Ta ce, "Shaƙa."

Ya shaƙa. Ta ga fuskarsa ta canza. A hankali ya ce, "Kakata."

"Ita ta. Ta zo ta ba da shaida, kuma ba ta yi mani kara ba. Haka take tun muna 'yan mata." Ta saki hannunsa. "Yaga takardarka, ɗan nan. Hayaƙina na. Rubuta a rufe."

Maniru bai yaga ba, bai kuma rubuta ba. Ya ce ta nuna masa ta inda ya biyo. Suka hau tare suna bin sa a baya-baya, shi yana zana hanyar a bayan rahoton, yana magana shi kaɗai. Lambobin da aka aiko masa, ya ce, da rana ake aunawa, a kan dogon ƙarfe, a fili. Ba su san abin da ke faruwa a gwiwar mutum da asuba ba. Wutar la'asar zafi gare ta, tana jefa hayaƙi sama. Ta asuba ta mutu, hayaƙinta ya huce, iskar sanyi kuma nauyi gare ta, gangara take nema.

"Kamar ruwa," in ji Inna.

"Kamar ruwa."

Ta tsaya cak a tsakiyar hanyar jakai. "To ai ni ban san iska ba, amma na san ruwa. Shekara arba'in ina tsare ramina daga ruwan tudun ga."

A tsakar gidanta ta sa Ruƙayyatu ta kawo babban faranti. Ta yanko yumɓu ta mulmula, ta gina tudun a kai, da ɗan doronsa, da kwatar da ke gefe, da kwari. Yatsunta sun san wurin fiye da idonta. Ta dasa ƙwayar wake a inda ɗakin haihuwa yake, ta danna babban yatsa a inda matoya take. Ta miƙa wa Maniru buta.

"Zuba nan, sannu."

Ya zuba. Ruwa ya cika gurbin yatsan, ya malala, ya bi kwata, ya zagaya, ya je ya kewaye waken.

"Ka ga ƙahonka na gaskiya. Lanƙwasasshe na, irin na rago."

Suka yi ta gwadawa. Ta danna yatsa gabas, ruwa ya koma kan wake. Ta danna yamma, ya nufi gidajen mutane. Har Ruƙayyatu ta gaji da cika buta. Sai da ta danna a bayan doron tudun, ruwan ya yi jim, sannan ya juya baya ya gangara ɗaya gefen, inda babu gida ko ɗaya, sai saurar Malam Yahaya, tsohuwar gonar da ƙaya ta cinye. A ƙasa ta gaske, taki sittin ne daga tsohon ramin.

Taki sittin ba nisa ba ne. Amma Inna ta daɗe tana kallon gurbin yatsanta na farko. Maniru bai hanzarta ta ba.

Da aka roƙe shi wurin, Malam Yahaya bai ja magana ba, ya ce saurar ba ta haifa masa komai sai ƙaya, randa ɗaya ta ishe shi. Asabar da Lahadi maza suka haƙa sabon rami. Inna ta hana kowa taɓa tokar tsohon. Ita da kanta ta riƙa ɗiba a kasko tana kaiwa, sahu bayan sahu, ta shimfiɗa a gindin sabon, tana magana ƙasa-ƙasa da uwarta. Ba wanda ya tambaye ta me take cewa.

Sai dai Maniru ya ce yumɓu da buta ba su isa rahoto ba, sai an gwada da hayaƙi na gaske. Ya roƙi ofis ƙarin kwana biyu. Amma da me za a raɗa wa hayaƙin suna, turare ya ƙare?

Inna ta dube shi, idonta na ƙyalli. "Can baya ba jarirai."

"Inna..."

"Kai kac ce a gwada."

Ya yi shawara da Zulaihatu. Masu jegon duka an sallame su, ɗakin ba kowa, ta ce ita za ta tsaya a tagar da hancinta. Ranar Litinin da magariba, da Inna ta zo rufe garwashin sabuwar matoya, ta zuba barkono, ba mudu ba, tafi biyu. Washegari bayan sallar asuba ta hau doron tudun ta zauna a kan dutse. Daga nan tana ganin gefe biyu. A dama, kwari fes, rufin ɗakin haihuwa na ɗaukar hasken farko, Zulaihatu a taga tana ɗaga ƙoƙo a kife. A hagu, farin hayaƙi na rarrafe cikin ƙaya, ma'aikacin gwamnati kuma na tsaye a hanyarsa da takarda da alƙalami, don ya ce shi ba ya rubuta abin da bai tabbatar ba.

Atishawar farko ta tayar da kurciyoyi. Ta biyu ta jefar da hularsa. Daga ta biyar Inna ta daina ƙirgawa, don dariya ta hana ta.

Ya hauro yana hawaye, hanci na zuba, ya zube kusa da ita. Ta ba shi gefen mayafinta ya share fuska.

"To, maigida, sunan wa za ka rubuta?"

"Nawa," ya ce, ya sake yin wata.

Da ya samu numfashi ya roƙe ta farantin nan na yumɓu, yana son ya kai ofis, don akwai wasu garuruwan masu kwari da juji a bisa tudu. Ta ce ɗanye ne, zai farfashe a kan babur tun bai kai Dandin Mahe ba, ya bari ta gasa masa a gashi na gaba. Rana ta ɗaga, ta miƙa masa hannu ya tashe ta, suka gangara su ga yadda tukwanen farko suka fito.